Ina Hankali Yake Zaune? Tarihin Wata Tambaya Daga Atina Zuwa Zamfara

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Nahuce, ko tashar motar Tsafe, ko bakin asibiti a Gusau, ya ji yadda mutane ke magana a kan wanda hankalinsa ya gushe. Wani zai ce iska ce ta buge shi, wani ya ce sammu aka yi masa, wani ya ce jarrabawa ce daga Allah, ma'aikacin lafiya kuma ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne. Kowace amsa a cikin waɗannan tana da tarihi mai tsawo a bayanta. Tambayar da suke amsawa guda ce: mene ne wannan abin da ke tunani a cikin mutum, a ina yake zaune, kuma mece ce dangantakarsa da jiki? Malaman addinin Kirista da masana kimiyya sun shafe kusan shekara dubu biyu suna kai da komo a kanta, kuma hanyar da muhawarar ta biyo ta ratsa ta ƙasarmu fiye da yadda yawancinmu muka sani.

Abin da Bahaushe ya gada

Tun kafin littafi ya iso, Bahaushe ya rarraba cikin mutum da kalmomi. Akwai rai, wanda idan ya fita sai a ce wane ya rasu. Akwai kurwa, wadda ake cewa tana yawo lokacin barci, kuma ita ce ake cewa maye yana kamawa. Akwai zuciya, gidan fushi da haƙuri da saƙe-saƙe, shi ya sa ake cewa zuciyar mutum birninsa, labarin zuciya kuma a tambayi fuska. Sai hankali, wanda karin magana ta ɗora a kan gaɓoɓi da kansu, da aka ce hankali ke gani, ido gululu ne. Ƙwaƙwalwa kuwa, a tsohuwar magana, ba ta da wannan matsayi. An fi saninta da zama abin da ke cikin ƙoƙon kai.

A al'adar bori, ana cewa iskoki suna da birni mai suna Jangare, suna da sarakuna da fadawa, kuma suna hawa mutum kamar yadda ake hawa doki. Idan mutum ya rikice, sai a yi masa girka don a sasanta shi da iskar da ta taɓa shi. Tsofaffi suna ba da labarin cewa dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bungudu, mazaunin manyan iskoki ne da ake kai wa gaisuwa a zamanin da. Wannan duk abin da ake faɗa ne, an karɓo shi baki da baki. Abin da yake tabbas shi ne, kakanninmu sun ɗauki rikicewar hankali a matsayin abin da ke da dalili, kuma abin da ake nema wa magani a tsakiyar jama'a.

Girkawa da Ibraniyawa

Rubutaccen tarihin muhawarar ya faro ne a ƙasar Girka. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, wani littafi na makarantar likita Abukrat ya yi bayanin farfaɗiya, wadda mutanen lokacin suke ɗauka ciwon alloli ne, ya ce daga ƙwaƙwalwa take tasowa kamar yadda sauran cututtuka suke tasowa daga gaɓoɓinsu. Aflatun, malamin birnin Atina, ya koyar da cewa rai abu ne dabam da jiki, ba ya mutuwa, jiki kuwa masauki ne na ɗan lokaci. Ɗalibinsa Aristo, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin Almasihu, ya saɓa masa. A wurinsa rai shi ne siffar jiki mai rai, kamar yadda gani yake ga ido. Sai dai Aristo ya ɗauka zuciya ce cibiyar ji, ƙwaƙwalwa kuma aikinta sanyaya jini. Likita Jalinus, wanda aka haifa a shekarar 129 bayan Almasihu, shi ya nuna ta hanyar fiɗar dabbobi cewa jijiyoyin ji da motsi daga ƙwaƙwalwa suke fitowa.

Ibraniyawa sun bi wata hanya. Littafin Farawa ya ba da labarin an yi mutum daga turɓaya, aka hura masa numfashi, ya zama rayayye, kuma an yi shi cikin kamannin Allah. Kalmominsu biyu, nefesh da ruwah, 'yan'uwan nafs da ruh ne na Larabci, domin harsunan biyu tushensu ɗaya. A Tsohon Alkawari mutum yana tunani da zuciyarsa, kamar dai a Hausa. Da Sabon Alkawari ya zo cikin harshen Girkanci, begen da Manzo Bulus ya fi nanatawa shi ne tashin matattu da sabon jiki. Wannan ya sa Kiristocin farko suka tsinci kansu da gado biyu, na Aflatun mai ɗaukaka rai a kan jiki, da na Ibraniyawa mai ɗaukar mutum a dunƙule. Daga nan ja-in-ja ya fara.

Agustin na Afirka

Babban malamin da ya fara zurfafa bincike cikin hankalin kansa ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekarar 354 a garin Tagaste, wanda yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya, ya kuma rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu. Ya yi dogon nazari a kan tunawa: yadda mutum yake ajiye ƙamshi da murya da fuskar wanda ya rasu, ya kuma kira su lokacin da ya so. Ya lura cewa ko mutum yana kuskure a kan komai, kuskuren da kansa shaida ne cewa akwai mai yin sa. Ya ga tunawa da fahimta da nufi a matsayin abu uku cikin hankali guda, ya ɗauke su alamar koyarwar Kirista ta Triniti. A zamaninsa ne kuma wani bishop na ƙasar Sham, Nemesiyus, ya haɗa likitancin Jalinus da tauhidi, ya ce zato da tunani da tunawa kowanne yana da ɗakinsa a cikin kogunan ƙwaƙwalwa. Wannan ra'ayi ya yi sama da shekara dubu ana koyar da shi kafin a gane ba haka ba ne.

Bagadaza, Kurɗuba da Faris

Ilimin Girkawa ya shiga Larabci ne a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, kuma ɗaya daga cikin manyan masu fassarar Kirista ne, Hunaini ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873 bayan ya fassara littattafan Jalinus masu yawa. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya kawo misalin mutumin da aka halitta a sararin iska, ba ya gani, ba ya ji, ba ya taɓa komai, duk da haka ya san yana nan. Da wannan ya kafa hujjar cewa sanin kai bai dogara ga gaɓoɓi ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wani sashe na littafinsa Ihya'u don bayanin zuciya da ruhi da nafsu da hankali. Ibn Rushdi na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi wa littattafan Aristo sharhi mai zurfi.

A ƙarni na 12 aka fara juya waɗannan littattafai zuwa Latin a birnin Toledo na Andalus. Su ne suka isa hannun Toma Akwinas, ɗan ƙungiyar limaman Dominikan, wanda ya rayu daga 1225 zuwa 1274 ya kuma koyar a Faris. Akwinas ya ambaci Ibn Sina sau da yawa ƙwarai a rubuce-rubucensa. Ya karɓi maganar Aristo cewa rai siffar jiki ne, don haka mutum abu guda ne, tunaninsa yana buƙatar gani da ji da lafiyar jiki. Amma ya ƙara da cewa hankali yana kama ma'anoni waɗanda ba su da nauyi ko launi, irin su adalci da lissafi, saboda haka yana da wani ɓangare da ya wuce nama, wanda ba ya halaka da mutuwa, yana jiran tashin jiki. A 1270 ya rubuta raddi ga mabiya Ibn Rushdi da ke cewa hankali guda ne dukan 'yan Adam suke tarayya a cikinsa, ya dage cewa kowane mutum da nasa, shi ya sa kowa zai amsa tambayar aikinsa. A 1312 babban taron ikilisiya a garin Biyen na Faransa ya tabbatar da koyarwar cewa rai siffar jiki ne.

Malaman Zamfara da Sakkwato

Reshen wannan ilimi na Larabci ya gangaro ƙasar Hausa ta Sahara. A zaurukan karatu ana koyar da aƙidar Shehu Sanusi na Tilmisan, wanda ya rasu a 1490, kuma darasinta na farko shi ne hukuncin hankali: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Fiƙihu ma ya sa hankali sharaɗin ɗora wa mutum nauyin ibada, ya ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe. Daga wajen 1786 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma tarbiyyar zuciya irin ta Gazali tana cikin abin da ya karantar. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi a kan maslahar mutum ta fuskar addini da ta jiki. Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi cikin Zamfara, ya yi rubutu a kan magani, haka ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da wani Bature mai suna Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Bello ya yi masa tambayoyi a kan tsofaffin ƙungiyoyin Kirista har baƙon ya rasa amsar wasu. Wannan ya nuna malamanmu sun san da muhawarar, kuma suna biye da ita.

Dekart da zamanin fiɗa

A Turai kuwa al'amari ya juya a 1641, lokacin da Dekart (René Descartes), Bafaranshe ɗan Katolika, ya wallafa littafinsa na tunani mai zurfi. Ya raba halitta gida biyu: jiki, wanda ya ɗauka inji ne, da hankali, wanda ba ya cin wuri. Ya zaci suna haɗuwa ne a wata 'yar tsoka da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. A 1643 Gimbiya Elizabet ta Bohimiya ta rubuta masa wasiƙa tana tambayar yadda abin da ba shi da jiki zai iya motsa hannu. Bai ba ta amsa mai gamsarwa ba. Sakamakon wannan rabo ya yi nisa: likitoci suka ɗauki jiki, limamai suka ɗauki rai, kowa ya kama gabansa.

Daga nan shaidu suka yi ta taruwa a ɓangaren likitoci. A 1664 Thomas Willis na Ingila ya fitar da littafi mai zanen sassan ƙwaƙwalwa dalla-dalla. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani sandan ƙarfe ya ratsa kan wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa, Phineas Gage. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya, ko da yake masu ba da labarin daga baya sun yi ƙari a kai. A 1861 Paul Broca ya binciki ƙwaƙwalwar wani majinyaci a Faris da ya rasa magana, ya sami lahani a ɓangaren hagu ta gaba. A 1871 Charles Darwin ya yi da'awar cewa basirar mutum ta samo asali a hankali daga ta dabbobi, abin da ya tayar da ƙura a majami'u. A 1906 Ramón y Cajal na Sifen ya sami kyautar Nobel bayan ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tarin ƙwayoyin halitta ce masu miƙa wa juna saƙo. Yau an ƙiyasta yawansu ya kai kimanin biliyan 86 a cikin abin da nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba. A 1952 aka fara amfani da maganin kulofuromazin a Faris, ya kwantar da majinyatan da a da sai dai a ɗaure su.

Mishan, fassara da asibiti

Reshen Kirista na muhawarar ya iso mana ta hanyar fassara. James Schön ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, da taimakon Hausawa irin su Dorugu. Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna a Zariya daga 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Masu fassarar sun fuskanci tsohuwar tambayar ido da ido. Inda Linjila ta umarci mutum ya ƙaunaci Allah da dukan abin da ke cikinsa, dole su zaɓi kalmomi, kuma mai karatu a yau yana samun zuciya da rai da hankali da ƙarfi jere da juna. Suka ɗauki ruhu daga Larabcin da Hausa ta riga ta ara. Ta haka Kirista da Musulmi a ƙasar Hausa suka wayi gari suna maganar cikin mutum da kalmomi iri ɗaya.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau ya wuce Ƙaura Namoda a 1929, ya kawo 'yan kasuwa da ma'aikata Kiristoci daga kudu. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta karɓi aikin kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930, ta kuma buɗe tashoshi a garuruwa irin su Gusau da Tsafe. Majami'unta ne suka zama ECWA a 1954. A 1953 Fadar Paparoma ta damƙa yankin Sakkwato ga limaman Dominikan daga Amurka, suka kafa mazauninsu a Gusau. Waɗannan 'yan ƙungiyar Toma Akwinas ne. Ɗaya daga cikinsu, Joseph Kenny, wanda ya zo Nijeriya a 1964, ya yi digirinsa na uku a kan aƙidar Shehu Sanusi, ya kuma daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ibadan. Ilimin da ya rabu gida biyu a Andalus, reshe ɗaya ya bi Sahara, ɗaya ya bi Faris da Amurka, ya sake haɗuwa a ƙasar Zamfara bayan shekara ɗari bakwai.

Gwamnatin mulkin mallaka kuwa tsarewa ta fi mayar da hankali a kai. Ta buɗe gidan masu taɓin hankali a Yaba a 1907, a Arewa kuma yawanci gidan yari ake kai su. Sauyi ya zo a 1954, lokacin da Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda majinyaci yake zama a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana shan maganin asibiti, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Lambo ya gane cewa hankali yana warkewa ne a cikin jama'a. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Inda muhawarar ta tsaya

A ƙarni na 20 masana sun rabu. John Eccles, ɗan Katolika da ya sami kyautar Nobel a 1963 kan binciken jijiyoyi, ya mutu yana riƙe da cewa hankali ya wuce ƙwaƙwalwa. Masanin kimiyya Francis Crick kuwa ya rubuta a 1994 cewa murna da baƙin ciki da tunawa duk aikin ƙwayoyin jijiya ne kawai. A 1996 Paparoma John Paul na Biyu ya amince cewa ilimin juyin halitta yana da hujjoji masu ƙarfi game da jiki, amma ya ce ruhin mutum Allah ne yake halittarsa kai tsaye. Wasu malaman tauhidi na Furotesta, irin su Nancey Murphy, sun ce Kirista zai iya yarda cewa mutum jiki ne baki ɗaya, begensa kuma yana ga tashin matattu. A 1995 masanin falsafa David Chalmers ya fayyace abin da ya rage: na'ura tana iya nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki lokacin da mutum yake jin zafi, amma har yau ba a bayyana dalilin da ya sa akwai wani a ciki da yake jin zafin ba.

Darasin da Zamfara ta biya da tsada

A 2010 ƙungiyar likitocin MSF ta gano yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Dalilin shi ne gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, wasu da suka rayu kuma gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsu, ta rage musu gani ko magana ko fahimta. Sanƙarau da ya ɓarke a jihar a 2017 ya bar irin wannan tabo. Ƙura ce da ƙwayar cuta suka shiga jiki suka taɓa hankali, kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa da ba da magani da allurar rigakafi ne suka ceci sauran. Wannan ya gaskata Abukrat, ya kuma gaskata Akwinas a kan cewa abin da ya sami jiki ya sami mutum.

Amma uwar da take goye da yaron da gubar ta naƙasa ba ta jira na'ura ta faɗa mata darajarsa ba. A nan ne addini yake da magana. Kirista ya ce an halicci yaron cikin kamannin Allah, Musulmi ya ce Allah ya karrama ɗan Adam, kuma wannan daraja ba ta raguwa don ƙwaƙwalwa ta samu rauni. Abin baƙin ciki shi ne mun sha saɓa wa wannan koyarwa da hannunmu. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Daura, kuma a shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a cibiyoyin Musulmi da na Kirista da na gargajiya, har da wasu na gwamnati. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙoƙi a rubuce.

Yau a Nahuce da Bungudu da Tsafe akwai dubban mutane da tashin hankalin 'yan bindiga ya hana barci, akwai matan da suka ga abin da baki ba ya iya faɗa, akwai samarin da ƙwaya ta rikita. Kirana ga limamai da fastoci da iyaye shi ne, ku yi musu addu'a, ku zauna da su, sannan ku kai su asibiti, ko a Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Likitoci kuma su saurari imanin majinyaci da mutunci, domin da shi yake jure jinya. Wanda hankalinsa ya taɓu ɗan'uwanmu ne mai ciwo, haƙƙinsa a kanmu magani ne da addu'a da kyautatawa, kuma kada a sake sa masa mari.